Keken ɗinki ɗan Japan: daga ina darajarsa ta samo asali, kuma yaya ake gane shi?

Ɗan Mokoyo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni zuwa ga malamai da teloli da masu gyaran keke.

Duk wanda ya saba da layin teloli a babbar kasuwar Maradi ya san in aka ce kan keke ɗan Japan ne, ko ya tsufa fentinsa ya kankare, mai shi ba ya saurin rabuwa da shi. In aka koma ga kekunan wuta, sunayen da ake yabo Juki ne da Brother. Masu surfanin kwamfuta kuma Tajima da Barudan suke ambato. Allurar da ake nema Organ ce, zif kuma YKK. Duka waɗannan na Japan ne. Alhali ba mutanen Japan suka ƙirƙiro keken ɗinki ba, kuma an ce tufafinsu na gargajiya da hannu ake ɗinka shi.

To ta yaya ƙasar da ta karɓi abu daga waje ta zo ta fi masu shi? Mene ne dalilin da ya sa kwarkwaro da allurar tsohon kai ɗan Japan suke shiga cikin Butterfly ɗan Sin ba tare da an goge komai ba? Sannan wanda zai sayi tsohon kai, me zai duba kada a sayar masa da lalatacce?

Malam Na-Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan ɗauki tambayoyi biyu na farko, ta ukun kuma masu gyara sun fi ni saninta.

Keken ya shiga Japan ne daidai lokacin da ƙasar ke buɗe ƙofarta bayan sama da shekara 200 tana taƙaita hulɗa da waje. A 1860 Nakahama Manjiro, wanda ya raka tawagar jakadun Japan zuwa Amurka a matsayin tafinta, ya komo gida da keken ɗinki cikin kayansa. Har yau sunan keken a harshensu "mishin", daga kalmar Turanci da mu ma muka mayar "mashin". Daga 1868, zamanin Sarki Meiji, gwamnati ta sa wa soja da 'yan sanda da ma'aikatan gidan waya da na jirgin ƙasa kaki irin na Turai. Saboda haka keken ya fara zama ne a hannun teloli maza masu ɗinka kayan ma'aikata, bai shiga cikin gida ba tukuna.

Kamfanin Singer na Amurka shi ya kai shi cikin gida. Ya buɗe ofis a Japan a 1900, ya baza dillalai ƙofa-ƙofa, ya ba da keke ana biya kaɗan-kaɗan duk wata, ya kuma kafa makarantar koya wa mata ɗinki a Tokyo a 1906. Har farkon shekarun 1930 kusan duk kasuwar a hannunsa take.

Abin da nake so matasanmu su lura da shi: waɗanda suka karɓe kasuwar daga bisani daga rumfar gyara suka fito. A 1908 Yasui Kanekichi ya buɗe shagon gyaran keke a birnin Nagoya. 'Ya'yansa Masayoshi da Jitsuichi suka gaje shi, suna kwance kekunan waje suna ɗaurawa har suka san kowane noti. Keken da suka fara ƙerawa a 1928 ƙarami ne na ɗinka malafa. A 1932 suka ci nasarar ƙera ƙoshiya da yawa, wato ƙarfen nan mai kamo zaren allura ya sarƙe shi da na kwarkwaro, wadda ita ce ɓangaren da ya fi wuyar ƙira a cikin keken, kuma a shekarar suka fitar da keken gida nasu. Da yake 'yan'uwa ne suka sa masa suna Brother. A Tokyo kuma an kafa Pine a 1921, wanda ya koma Janome. Ma'anar Janome "idon maciji", saboda kwarkwaron nan mai da'ira ya yi musu kama da shi, a lokacin da mutane suka saba da doguwar ƙoshiya.

Sai Singer ya yi tuntuɓe. Bayan kuɗin Japan ya faɗi a ƙarshen 1931, kayan waje suka yi tsada, ga shi kuma in mai saye ya kasa biya, dillali ke ɗaukar wani kaso na asarar. Ma'aikatansa na Japan suka yi yajin aiki daga ƙarshen 1932 zuwa farkon 1933. Ba su yi nasara ba, aka sallami da yawa. Amma waɗanda aka sallama sun san gyara, sun san dabarar sayarwa, sun san gidajen masu saye, sai suka kwashi wannan sani suka kai wa kamfanonin gida. Daga 1937 kuma yaƙi ya sa aka matse shigo da kaya.

Bayan shan kashi a Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 an hana Japan ƙera makamai, masana'antun da ke da injinan sassaƙa ƙarfe da ƙwararrun ma'aikata suka rasa abin yi. Juki, wanda aka kafa a 1938 don ƙera bindigogi, ya fitar da keken gida a 1947, na masana'anta kuma a 1953. Hatta gidan Toyota ya ƙera keken ɗinki a 1946.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu, kuma a ganina nan ne zuciyar zancen. A ƙarshen shekarun 1940 masu ƙera keke da hukuma suka zauna suka yarda da awo ɗaya na keken gida, suka kira shi HA-1, bisa tsarin Singer mai lamba 15. Da aka yi haka, ƙaramin maƙeri a Osaka mai ma'aikata kaɗan yana iya ƙera abu ɗaya tak, misali sandar allura ko gidan kwarkwaro, ya tabbata zai shiga keken kowa. Wani ya zuba gangar jiki, wani ya yi fenti, wani ya harhaɗa. Kuɗin ƙira ya faɗi, inganci ya hau, tunda wanda ke yin abu ɗaya kullum hannunsa yana faɗawa. Ga shi daga 1949 zuwa 1971 an tsayar da dalar Amurka ɗaya a kan yen 360, kayan Japan suka yi araha a waje. Keken ɗinki ya zama cikin manyan kayan da ƙasar ke samun kuɗin waje da su tun kafin a san motocinta, har a ƙarshen shekarun 1960 tana ƙera sama da miliyan 4 a shekara. A 1960 Janome ya saye tsohon kamfanin Amurka mai suna New Home.

Butterfly na birnin Shanghai da 'yan'uwansa masu lamba JA, su ma daga wannan tsari na Singer 15 aka kwaikwayo su. Kaka ɗaya ne, shi ya sa kayansu ke shiga juna. Kuma sunan allurar da kuke saye, HAx1, yana tafiya da wancan HA ɗin.

Hajiya Mai Koyar da Ɗinki, unguwar Ali Ɗan Sofo, ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara sani. Sai dai an ba maƙera da dillalai haƙƙinsu, an bar matan da suka taka keken. Da ba su karɓe shi ba, da duk ƙirar nan a sito za ta ƙare.

Akwai dalilin da ya sa keken ya daɗe bai shiga ɗakin mace ba a Japan, kuma dalili ne na sana'a da kowace mai ɗinki za ta gane. Kimono ana yanka ta ne daga turmi ɗaya siriri, faɗinsa kamar santimita 36 zuwa 38, tsawonsa wajen mita 12. Gida 8 ake fitarwa, duka miƙaƙƙu, babu lanƙwasar hammata balle ta ƙugu. Ku tuna yadda ake haɗa babbar riga ta saƙi daga ƙyallaye sirara, kusan haka ne. In an tashi wanki na sosai sai a warware ɗinkin gaba ɗaya, a wanke ƙyallayen, a shanya su a miƙe a kan allo ko a ɗame su da 'yan sanduna, sannan a sake ɗinkewa. Ɗinkin hannu zare ɗaya ne, da an ja ya fito. Ɗinkin keke kuwa zare biyu ne masu sarƙe juna a tsakiyar yadi, warware shi aiki ne, kuma yana barin huji a jikin siliki. Saboda haka sayar da keke a Japan ya zama sai an sayar da sabon irin tufafi tare da shi.

An fara da kayan yara da yunifom na 'yan makaranta da rigunan shan iska na bazara. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923 sa kayan Turai ya ƙaru. A shekarar ce makarantar koyon ɗinki ta Bunka ta samu izini, kuma ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa ta tsohon dillalin Singer ne. A 1926 Sugino Yoshiko ta buɗe tata makarantar. Lokacin yaƙi mata suka koma sa wando mai suna monpe don aiki da gudun bam, da yawa daga tsofaffin kimono suka yanka shi. Wannan ya karya al'adar da ta daɗe.

Bayan 1945 ne abin ya zama na rai da mutuwa. Yaƙi ya bar mata masu yawa da marayu, birane sun ƙone, babu yadi a kanti. Mace mai keke tana iya karɓo aiki daga ɗan kwangila ta ɗinka a ɗaki, a biya ta bisa yawan abin da ta gama, tana kallon 'ya'yanta. Kuɗin kaɗan ne, aikin kuma har tsakar dare, kada a ɗauka daɗi ne. Amma ya ciyar da gidaje. Fitaccen mai zanen tufafi Yohji Yamamoto ɗan irin wannan gida ne: mahaifinsa ya mutu a yaƙi, mahaifiyarsa ta riƙe shi da ɗinki a Tokyo, daga baya ya shiga Bunka. Makarantun ɗinki suka cika maƙil da 'yan mata, keke ya shiga sahun kayan ɗakin amarya, yadda mu ma a nan uwa mai hali take sa shi cikin kayan 'yarta.

Yadda suka saye shi ma abin dubawa ne. Ban da bashin wata-wata na Singer, kamfanonin gida irin su Janome da Riccar sun yi wani tsari mai kama da adashi: mace ta riƙa zuba kuɗi kaɗan duk wata tun keken bai zo ba, in ya kai wani adadi a kawo mata, ta ci gaba da biyan saura. Kuma ba a ajiye mata keke a tafi. Akwai malama mai koyarwa, akwai mai zuwa gyara. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai game da rabon kekuna da ake yi wa mata a ƙauyukanmu na wajen Madarunfa da Gidan Rumji da Tasawa. A ba mace keke bayan horon mako biyu, ba a nuna mata yadda ake sa allura daidai ba, ba kwalbar mai, ba mai gyara kusa. Wata uku keken ya fara tsallake, sai a rufe shi da zane a kusurwar ɗaki. Mai son taimako ya haɗa da horo na aƙalla wata 6, da fakitin allura, da mai, da sanin wanda za a kira.

Daga shekarun 1970 ɗinkakkun kaya suka yi araha a Japan, mata suka rage ɗinki a gida, har Riccar ya karye a 1984. Masu ɗinkinmu da ke kukan gwanjo sun san irin wannan iska.

Baba Mai Gyara, Sabon Gari, ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya, akasarin keken da ake cewa ya mutu allura ce kawai aka juya. Ɗana, ga abin da za ka duba.

Ka kwantar da kan ka leƙa ƙarƙashinsa. Yawancin 'yan Japan da aka fitar waje suna da lamba mai farawa da JA ko JC a jikin ƙarfen (wannan daban take da JA ɗin Butterfly), ban da rubutun ƙasar da aka ƙera. Sunan da ke bisa hannun keken kada ya ruɗe ka, don a wancan zamani duk ɗan kasuwar da ya yi oda da yawa ana buga masa sunan da yake so. In ka ga an rubuta an yi shi a Japan ta ƙarƙashin mamaya, wato mamayar bayan yaƙi, to tsakanin 1947 da 1952 ne.

Bayan haka ka bar rubutu ka koma ga ƙarfe. Ka cire zare da bel, ka juya ƙafar hannu wajenka. Ya kamata ta tafi sumul, ba wurin da take cijewa. In tana cijewa a wuri ɗaya kowane zagaye, akwai sandar da ta lanƙwashe, galibi daga faɗuwa, ka bar shi. In nauyi ne ko'ina daidai, tsohon mai ne ya daskare, kananzir zai sake shi. Ka sauke sandar allura ƙasa ka girgiza ta hagu da dama. In tana wasa har ido na gani, mazauninta ya cinye, kuma wannan keken zai riƙa tsallake komai gyaran da aka yi masa. Ka buɗe mazaunin ƙoshiya ka fito da ita, ka shafa bakinta da farce. Dole ya zama mai tsini, santsi, ba kaushi. Ka duba hujin farantin allura, in allura ta sassare gefensa zai riƙa yanke zare. Ƙoshiya da faranti da haƙora duka ana canzawa da kuɗi kaɗan, albarkar awo ɗayan nan da Malam ya faɗa. Gangar jiki mai tsagewa kuwa ba ta da magani.

Bambancin tsohon ɗan Japan da sababbin masu araha ba a tsari yake ba, a ƙarfe da sassaƙa yake. Ƙoshiyarsa ta sha wuta ta yi tauri, sandunansa sun zauna cif a mazauninsu. In za ka sa masa sabon kaya, ka gwada a wurin kafin ka biya, don awo ɗaya ne amma ba kowace masana'anta ke cika shi ba.

Sa allura: a HA-1 da Butterfly, gefen da aka shafe na gindin allura yana kallon dama, dogon kwari yana hagu, zare ya shiga daga hagu zuwa dama. Ka tura ta sama har ta tokare kafin ka ɗaure. Akwai wasu Singer 15 na baya, irin 15-88 da 15-91, da suke akasin haka, kuma yatsan gidan kwarkwaronsu yana kallon ƙarfe 11 na agogo, na HA-1 kuwa ƙarfe 1. In aka musanya su keke ba zai ɗinka ba. Lambar allura: 11 ga yadi mai laushi da leshi mara nauyi, 14 ga atamfa da yadin maza, 14 ko 16 ga shadda mai ƙanƙo, 16 zuwa 18 ga jins da inda ɗinki ya ninku. Shadda tana dakushe allura da wuri. Da ka ji keke na "tas-tas" a jikin yadi, canza ta.

In zare na cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, kada ka taɓa kwarkwaro, laifin zaren sama ne. Ko bai shiga tsakanin fayafayan matsi ba, ko an tsallake hannun da ke jan zare. A ɗaga takalmi kafin a zura zare, don sai an ɗaga shi fayafayan ke buɗewa. Gwajin zaren ƙasa: ka riƙe bakin zaren ka saki gidan kwarkwaro yana lilo. In ka ɗan girgiza ya sauko kaɗan ya tsaya, daidai ne. In ya zube ƙasa, ƙara ɗaure ɗan sukurun da kwatan zagaye, ba fiye ba.

In allura sabuwa ce, an sa ta daidai, amma tsallake bai daina ba, to saiti ne. Ka sauke allura iyakar ƙasa, ka ci gaba da juyawa har ta taso kamar milimita 2 zuwa 2 da rabi. A daidai nan bakin ƙoshiya ya kamata ya iso tsakiyar allura, kamar milimita 1 da rabi bisa hujinta. In ya wuce ko bai iso ba, sandar allura ta zame, sau da yawa saboda an ja yadi da ƙarfi allura ta daki faranti. A kwance sukurun sandar a daidaita tsayinta. Haƙora kuma su fito bisa faranti kusan milimita 1, in sun fi haka yadi mai laushi zai yamutse.

Maganar mai ita ce ta fi damuna a garin nan. Mu mutanen gyaɗa ne, sai ka ga an ɗiga wa keke man gyaɗa. Ranar farko zai yi laushi, bayan 'yan watanni ya bushe ya zama ƙaro, keken ya ƙame. Baƙin man mota kuma ya yi kauri, yana ɓata farar shadda. Farin man keke kawai, ɗigo ɗaya a kowane huji, ɗigo ɗaya a mazaunin ƙoshiya duk ranar aiki. Da hunturu ƙura na haɗuwa da mai ta zama kamar dutsen wasa tana cin ƙarfe, don haka a share kafin a ɗiga, a rufe keke in an tashi.

Ɗan Mokoyo ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Hajiya, Baba Allah ya ƙara lafiya. Saura kekunan wuta. Ana ganin Juki da rubutun an yi shi a Sin, wasu na cewa jabu ne. Kuma me ya sa na hannu da ake kawowa daga waje wasu ke ƙonewa ranar da aka jona su?

Alhaji Na-Kanti ya amsa:

Ƙanena, rubutun Sin shi kaɗai ba ya nuna jabu. Da albashi ya hau a Japan, kuma yen ya yi tsada musamman bayan 1985, kamfanonin suka kwashe ƙira zuwa waje. Janome yana ƙerawa a Taiwan da Tailan, Brother da Juki suna da masana'antu a Sin da Biyetnam, manyan injina masu tsada ne aka fi bari a gida. Jabu yana nan, amma ana gane shi ta harafi ɗaya da aka sauya a sunan, ko farantin lamba da aka liƙa da gam maimakon ƙusa, ko lambar da aka kankare. Jack kuma ba jabun Juki ba ne, kamfanin Sin ne mai zaman kansa. Siruba na Taiwan ne.

Ƙonewar kuwa daga kuran take, wato wutar lantarki. Wutar gida a Japan bolt 100 ce, tamu 220. Keken gida da aka yi don kasuwar Japan in aka cusa shi kai tsaye, motarsa ko allon kwamfutarsa zai tafi nan take. A karanta farantin da ke bayan keken tukuna. In 100 aka rubuta, a nemi taransifoma mai sauke 220 zuwa 100, mai ƙarfin wat 200 zuwa 300 ga keken gida. Mai sauke wa 110 na kayan Amurka ne, keke mai mota zalla yakan jure shi, mai allon kwamfuta kuwa kada a yi kasada. Na masana'anta kuma sau da yawa motarsu ta layi uku ce mai bolt 200, ba ta da amfani a shagon tela. A cire ta a sa mota mai layi ɗaya ta 220.

In za a sa sabuwa, sarbo mai wat 550 ta fi tsohuwar mai kuloci. Mai kuloci tana juyi tun da aka kunna ko ana ɗinki ko ba a yi, sarbo kuwa sai an taka take jan wuta, don haka ƙaramin janareta ko hasken rana da batir na iya ɗaukarta, kuma ana rage mata gudu don almajiri. Injin surfani na kwamfuta kada a jona shi ba tare da na'urar daidaita wuta ba, dawowar kuran da ƙarfi ita ke kashe allonsa.

Na ɗauki Juki DDL-8700 misali, tunda ya yawaita. Yana kai ɗinki 5,500 a minti, tsawon ɗinki har milimita 5. Allurarsa DBx1 ce mai gindi zagayayye, ba HAx1 ta keken ƙafa ba. Dogon kwari hagu, ɗan lotsawar dama, zare daga hagu. Da yake gindinta ba shi da shafaffen gefe, tana iya karkacewa kaɗan ba a lura ba, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya kawo tsallake. Tazarar allura da bakin ƙugiya, wadda ke yin aikin ƙoshiya a wannan keke, tsakanin 0.04 da 0.1 na milimita ce, ƙasa da kaurin takarda ko daidai da shi, don haka ba aikin kintace ba ne.

Abin da ya fi kashe su shi ne ana kawo su babu mai a cikin tasa, sai mai saye ya ɗora a tebur ya taka don murna. A zuba farin mai har tsakanin layin sama da na ƙasa da aka zana a tasar. A tabbata ƙafar hannu tana juyowa wajen mai ɗinki, in mota ta juya ta baya famfon mai ba zai yi aiki daidai ba. A kunna a kalli 'yar tagar da ke bisa kan, sai an ga mai na fantsama a ciki. Sabon keke ko wanda ya daɗe a ajiye a tafiyar da shi a gudun 3,000 zuwa 3,500 na minti 10 kafin a sake masa linzami. Daga nan a sa farar takarda ƙarƙashin ƙugiya na daƙiƙa 5 yana gudu: siririn layin mai ya kamata a gani. In takardar ta fito a bushe a ƙara buɗe sukurun man ƙugiyar, in ta jiƙe sharkaf a rage, in ba haka ba shaddar mutane ce za ta sha.